Abin da Gwaggo Ta Gani a Hoton

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau da kyau. Ya aiki, ya nisa, ya kuma kunnen nan da ya hana ki jin waya har ya mayar da mu ga rubutun takarda kamar mutanen da? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma rigima da maƙwabta. Ya ce in tuna miki kaka ɗaya kuka haɗa, ki riƙa waiwayo.

To Gwaggo, gyara zama. Akunki, wadda kika ce bakinta ba ya kwana da magana, ta riƙe magana wata biyar cur. Ciki gare ni. Bayan duk shekarun nan da mutane ke kallon cikina kafin su kalli fuskata, Allah ya yi.

Na je ƙaramin asibitin bayan layinmu aka yi min hoton ciki. Mai ɗaukar hoton ya shafa min man nan mai sanyi, ya ɗora abin, sai ga mutum yana wutsil-wutsil a allo. Namiji ne. Da ya auna kan sai ya ce, "Anya ba ki ɓata lissafi ba? Kan nan ya girmi watanninsa." Na ce masa ban ɓata komai ba, gado ne. Kin dai san kawunan gidanmu. Kakanmu bai taɓa samun hula daidai shi a kasuwa ba sai an ɗinka.

Maigidan kuwa, Mai Lantarki, baki har kunne. Ya ɗauki hoton a waya, duk ginin da ya je jan waya sai ya nuna wa magina da masu fenti. Har sun raɗa wa yaron suna, wai Farfesa. Uwarsa, Inna, wadda muke zaune gida ɗaya da ita, ta sa nata hoton a kabad ɗin gilashi, tsakiyar farantan da ba a cin abinci a ciki.

Ga naki nan na sa a ambulan. Shekara da shekaru kina leƙa 'ya'yan mutane kafin iyayensu su gan su, yau ki leƙa naki jikan, ki gaya min wa ya ɗebo.

Taki,
Aku

*

Ɗiyata Aku,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi murna ƙwarai, har na yi hawaye a ɗakin hutunmu, abokan aiki suka zaci mutuwa aka yi min. Allah ya raba lafiya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kunne da gwiwa. Ki gaishe da Babanki, ki ce masa na ji, shi ma ai hannunsa bai karye ba.

Hoton ya iso, na duba. Irin waɗannan ƙananan na'urori ba sa nuna komai sosai. Ki je babban asibiti, sashen masu ciki, a sake ɗauka. Likita zai yi miki bayani. Kada ki ja lokaci.

Na sami wasu kayan jarirai masu laushi, in na sami mai zuwa zan aiko. Ki riƙa cin abinci, ki rage tsayuwa a aji, yaran mutane ba za su gudu ba. Ki gaishe da maigidanki da surukarki.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi dama. Mu lafiya, sai dai ƙafata da ta fara kumburi, takalmi ɗaya ne ya rage yake shiga.

Amma Gwaggo kin ba ni haushi. Na zuba ido makonni ina jiran amsarki, na buɗe ambulan da ɗoki, sai ga ɗan guntun rubutu kamar takardar magani. Ko "hancin na wane ne" ba ki ce ba. Hotona ne bai fito ba? Ni da na ga yatsunsa da idona! Da na karanta wa Inna sai ta yi dariya ta ce, "Haka mutanen manyan asibitoci suke, ba sa yarda da hoton kowa sai nasu."

Kin san babban asibitin nan kuwa? Mutum ya bi layi tun da sassafe, ya dawo da yamma ba a ma kira sunansa ba. Wa zan bar wa ajina? Ga shi lafiyata lau, Farfesa yana ta harbi kamar ya biya haya. Inna ma ta riga ta yanke magana, a ƙaramin asibitin nan zan haihu, nan aka haifi duk jikokinta, ungozomar ƙawarta ce.

Ki sake duba hoton da tabarau, ki rubuto min magana mai daɗi.

Akunki mai fushi

*

Aku,

Ina gaishe ki. Ina fata kumburin ya sauka. Ki karanta wannan takarda ke kaɗai, kada ki karanta wa kowa da ƙarfi.

A aikinmu, mu masu riƙe na'urar ba ma faɗa. Haka aka koya mana. In mun ga abin da ba daidai ba, sai mu yi shiru, mu sake aunawa, mu yi ɗan murmushi, mu ce likita zai yi bayani. Bakina ya saba da haka har ban san lokacin da hannuna ya rubuta miki shi ba. Na yi miki abin da nake yi wa matan da ban san sunansu ba, ke da na goya ki a bikin yayarki. Da na ga amsarki, kunya ta hana ni cin abinci.

Ga abin da na gani. A cikin kan kowane ɗan adam akwai wasu 'yan ɗakuna biyu masu riƙe ruwa. Ruwan yana shiga yana fita, a hoto kuma sirara suke, da kyar ake lura da su. Na yaronki sun buɗe, sun cika. Baƙin nan guda biyu da ke tsakiyar hoton, su ne. Ruwan ya tura naman ƙwaƙwalwar gefe, shi ya sa kan ya girmi watanninsa.

Ni ba likita ba ce, kuma hoton takarda ɗaya yana iya yaudarar ido. Ina roƙon Allah ya sa idona ne ya tsufa. Amma ban cika kuskure a kan wannan ba.

Za ki tambaye ni me ke kawo shi. Wani lokaci hanyar da ruwan ke bi ce ta toshe, wani lokaci ciwo ne ya taɓa uwa ba ta ma sani ba, wani lokaci yana bin jini, sau da yawa kuma ba a taɓa gano dalili. Akwai abin da ake yi a kai, amma sai an sani tun kafin haihuwa.

Ki nemi mai tsaya miki a aji, ki je. Ki je tare da mijinki.

Gwaggonki

*

Aku,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Duk wanda ya zo daga wajenku sai na tare shi, ba takarda. Na kira wayarki duk da kunnen nan nawa, na ji kamar an ɗauka an kashe.

In fushi kike da ni, ki yi, na cancanta. Amma ki rubuto min kalma ɗaya: kin je ko ba ki je ba?

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ba fushi nake ba. Ni na kashe wayar, don maigidan yana zaune kusa da ni, kuma muryata za ta tona ni. Jikina lafiya. Ciki ya shiga wata bakwai.

Na je. Ni kaɗai na je. Na ce musu taron malamai ake yi.

Matar da ta ɗauki hoton ta fara da hira, har tana yabon ɗinkin rigata. Can sai hira ta ɗauke. Ta ɗan juya allon gefenta, ta auna, ta sake aunawa, ta fita ta kira wata. Da ta yi min murmushin nan sai na gane, don kin riga kin gaya min ma'anarsa. Bayan nan suka sa min rana, na koma aka cire min 'yan kunne da duk wani ƙarfe, aka tura ni cikin wata na'ura mai kamar bututu, tana ta ƙara kamar ana buga ƙusa a kaina. Tun da aka fara har aka gama, yaron nan bai daina motsi ba.

Likitar mace ce, ba ta ɓoye min komai ba. Idonki bai tsufa ba. Hanyar ruwan ce ta tsuke. Ta ce dole a can zan haihu, kuma da tiyata, bayan nan za a sa masa wata siririyar roba a ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, ta riƙa janye ruwan. Na ce, "Zai yi tafiya? Zai yi magana? Zai yi karatu?" Ta ce ba za ta yi min alkawarin da ba nata ba. Akwai waɗanda ta gani da jakar makaranta, akwai waɗanda ko zama ba su yi ba. Sai ta ce, "Ina mijinki?" Na ce ya yi tafiya. Alhali yana nan cikin gari yana haɗa wa wani shago wuta.

Na dawo gida na tarar Inna ta yi baƙi. Ta buɗe kabad ta fito da hoton, yana yawo hannu zuwa hannu. "Ku ga kan Farfesa! Wannan ai sai an faɗaɗa ƙofar aji." Suna dariya, ni ma ina dariya, ina zuba musu ruwa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kin rubuta cewa yana bin jini. Wannan layin na karanta shi har takardar ta yi laushi. Ni ce fa na tsaya ina cika baki wai gado ne. Ashe gaskiya na faɗa. Mutanen nan sun jira ni shekaru, ba wanda ya taɓa yi min gori a gabana, yanzu da wane baki zan ce musu ga abin da na kawo musu daga gidanmu? Kullum sai in ce yau zan faɗa. Sai ya shigo da fara'arsa, ya sunkuya ya ce wa cikina, "Ranka ya daɗe, an tashi daga lacca?" Shi ke nan bakina ya yi nauyi.

Abin da ya fi ci min rai ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wani lokaci in yaron ya motsa a gaban mutane, kunyarsa nake ji. Shi da bai yi min komai ba.

Don Allah kada Baba ya ji.

Aku

*

Ɗiyata,

Na gode Allah da kika je. Ina gaishe ki da ƙoƙari, ina gaishe ki da haƙuri. Ni lafiya.

Amma ke Aku har yanzu karatunki na gaggawa ne. Na jero miki dalilai, kika tsallake duka kika rungumi ɗaya. Likita ta ce miki jini ne? Ba ta ce ba. Kan kakanki ƙashi ne zalla da taurin kai, ba ruwa ko cokali ɗaya a ciki, ni na san shi. Ko da ma jinin ne, ke kika zaɓa? Kunyar da kika ce kina ji kuma, ba ke kika fara ba. Na riƙe hannun mata da yawa da suka faɗa min haka, kuma na gan su daga baya da goyonsu.

Ba zan gaya wa kowa ba, maganarki ce. Amma ki saurare ni. Ruwan nan ba ya jiran kunyarki ta wuce. Ƙaramin asibitin bayan layinku ba ɗakin tiyata, ba likitan jarirai. In naƙuda ta kama ki a gida, can za su ruga da ke, don can suka sani. Kan nan ba zai fito ba, Aku. Ke da shi duka za ku shiga haɗari, ƙawar surukarki kuma ba abin da za ta iya sai salati.

Ba zan ce miki mijinki zai karɓa da kyau ba, ban san shi ba. Na ga wanda ya fita daga ɗaki bai dawo ba, na ga wanda ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙafar matarsa. Amma ɗansa ne, yana da haƙƙin ya sani. Ba sai kin kalli idonsa ba. Ki faɗa ko bango kike kallo.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kayan jariran sun iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Jikina da sauƙi, sai nauyi.

Na faɗa.

Yana kan tsani yana ɗaura sabuwar fanka a ɗakinmu, wai kada zafi ya dami baƙo. Ni nake riƙe masa tsanin. Ƙafafunsa kawai nake gani, da safar nan tasa mai huda a diddige. Su na faɗa wa. Na fara ban tsaya ba, har ruwan, har robar, har abin da likita ta ƙi yi min alkawari. Da ya sauko ya zauna a bakin gado da sukudireba a hannu, ya ce, "Tun yaushe?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ke kaɗai kika shiga bututun nan?" Na ce eh. Ya ce, "Ni ina ina?"

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya yi kwanaki ba ya cewa komai sai sannu da ina kwana. Ranar da aka sa min ta komawa wajen likita kuma na fito na same shi a bakin ƙofa ya yi wanka, yana jirana. A gaban likita ya yi ta tambaya kamar zai sayi gida: robar nan tana toshewa, in ta toshe ta yaya za mu gane, in yaro ya yi tsawo fa? Likitar ta kalle ni ta ce, "An dawo daga tafiya ke nan." Na sunkuyar da kai.

Kin san abin da ya yi bayan nan? Ya bi duk wanda ya taɓa nuna wa hoton, magina, masu fenti, har mai gadin gini, ya gaya musu da bakinsa. Ya ce wanda ya ci dariyar, shi ma ya taya mu addu'a. Abin da ya gagare ni a ɗaki ɗaya, shi ya yi shi a titi.

Shi ya gaya wa Inna. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga ta daina zama a tsakar gida. Tana aiko min da abinci, amma ba ta shigowa. In na je gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa tana kallon wani wuri. Ba ta ƙara maganar ƙawarta ungozoma ba. Na san ta gama da ni, kuma ban ga laifinta ba.

An sa ranar tiyata. Ki sa mu a addu'a. Yanzu kina iya gaya wa Baba, ni ba zan iya ba.

Aku

*

Gwaggona,

Ina gaishe ki daga kan gadon asibiti, ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi. Na sauka lafiya. Ɗinkin yana ja in na yi tari, amma ina takawa.

Jikanki ya zo da kukansa. An sa masa robar, likita ta ce ta zauna daidai. In na shafa bayan kunnensa ina jin ta a ƙarƙashin fata kamar jijiya. Yana kama nono da ƙarfi. Sauran kuma sun ce sai lokaci ya nuna, ni ma na daina tambaya.

Kan babba ne, Gwaggo. Fatar ta miƙe tana sheƙi, jijiyoyi a fili, ga bandeji a gefe. Ina sonsa har ƙirjina yana ciwo. Amma duk lokacin da aka turo ƙofar ɗakin nan, kafin in yi tunani hannuna ya ja zane ya rufe masa kai. Nas ɗin ta yi min magana har ta gaji. "Maman jariri, ki bar shi ya sha iska mana."

Kowa ya zo ban da Inna. Jiya da rana sai ga ta a bakin ƙofa, ta rame, tana riƙe da filas. Hannuna ya yi aikinsa. Ta tsaya can ba ta ƙaraso ba, ni ma na kasa ɗaga ido. Na ce, "Inna, ki yafe ni."

Ta ce, "Ke ki yafe ni. Kina cikin gidana, kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ni kuma ina yi miki faɗan kin cika zaɓen abinci. Wace irin uwa ce ba ta gane ba? Na rasa idon da zan kalle ki da shi, shi ya sa ban zo ba."

Sai ta ajiye filas ɗin ta matso. Ta ce, "Janye zanen nan, ban zo ganin zane ba."

Ba ta kai hannu ba, jira ta yi. Ni na janye da kaina. Ta daɗe tana kallonsa, duk kan, ba ta kau da ido ba. Sannan ta naɗe hannun riga ta juya wajen nas ɗin ta ce, "Yarinya, zo ki nuna min inda ba a dannawa, don ni zan riƙa yi masa wanka."

Taki,
Aku